Ƙafa Goma Sha Huɗu na Layin Kawunku

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku na rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka ƙi, kai yana nan daram. 'Yar'uwarku ma'aikaciyar jinya ta daina kallon idona in ta fito daga wurin likita, ni kuma ba yarinya ba ce, na gane karatun.

Na ɗaya. Gidan nan da abin da ke cikinsa a raba muku yadda addini ya tsara, ba zan sa hannu a rabon da ba nawa ba. Teburin zanena kuwa, da ma'aunai da alƙaluman tawada, na riga na ba Auta tun bara. Ita kaɗai ce a cikinku ta taɓa tambayata abin da layukan taswira suke nufi.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shaguna biyun da ke jikin katangarmu ta gabas ba sa cikin gado. A rushe su. Babba, na san a ɗayan kake sayar da kayan wuta, da shi kake ciyar da iyalinka. Kada ka ninke takardar nan sai ka kai ƙarshe.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zana taswira a ofishin filaye. A bakin mutane komai hanya ce, amma a takardarmu kowace da sunanta da haƙƙinta. Titi shi ne mai kwalta, hukuma ke gyara shi. Layi ƙafa ashirin ne ko fiye, mota tana shiga, ana yi masa magudanar ruwa, ba a yarda kowa ya ɗora bulo a kansa ba. Lungu na mai tafiya a ƙasa ne, ƙafa shida ta ishe shi, ba wanda ke waiwayarsa. Turba kuwa ƙafar mutane ce ta yi ta, sau da yawa ko zana ta ba ma yi.

Kakanku ya bar mana fili ɗaya, ni da ƙanena, Kawunku kafinta. Na samu gaba, wajen titi, shi ya samu baya. Layi ne ya bi gefen gidanmu har ƙofarsa, ta nan motar katako take shiga ta sauke masa kaya a bakin rumfarsa. Kai Babba za ka iya tunawa, har hawa bayanta kake yi.

Shekarar da babanku ya rasu, taswirar unguwarmu ta tsufa, aka ce a sake zana ta, ta faɗo kan teburina. Ku uku ne a gabana, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Na kwana uku ina kallon layin nan a takarda. A rana ta huɗu na zana shi ƙafa shida, na rubuta lungu a inda aka rubuta layi. Shugaban sashenmu ya sa hannu yana amsa waya. Kafin damina na gina shaguna a kan ƙafa goma sha huɗun da suka rage.

Kawunku ya same ni a ofis, da garin katako a gashinsa. Na shimfiɗa masa sabuwar taswira, na ce ga shi nan, hukuma ta ce lungu ne. Ya daɗe yana dubawa, shi da ba ya karanta taswira, sannan ya tambaye ni a hankali ko hannun wa ya zana ta. Na ce masa ina da aiki. Ya ce Allah ya ba Yaya sa'a, ya fita. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, bai kai ƙara ko'ina ba.

Abin da ya biyo baya a idonku aka yi, sai dai ba ku san tushensa ba. Mota ta daina shiga, ya koma ɗaukar katako a kafaɗa tun daga titi. Gado ko kabad in ya ƙera, sai an kwance shi kafin ya fita, masu saye suka gaji suka koma wani wuri. Da aka zo yi wa unguwa magudanai aka tsallake mu, don lungu ba ya cikin lissafi, ruwa ya riƙa kwanciya a rumfarsa har injin yankansa ya lalace. Ranar da matarsa ta faɗi da hawan jini, motar asibiti a bakin titi ta tsaya, a kan kujera 'ya'yanta suka fito da ita. Ina tsaye a taga. Likita ya ce jinkirin ba shi ne ya shanye mata ɓarin jiki ba, na riƙe maganar nan shekara da shekaru kamar wanda ruwa ya ci ya samu kara. Ban taɓa gaskata ta har zuciya ba.

Na yi ta cewa zan gyara in kun gama makaranta. Kuka gama, na ce sai an yi wa Babba aure. Gobe ta Allah ce, ni kuwa na mai da ita tawa. Duk wannan lokacin mutumin nan kullum da safe sai ya leƙo ya gaishe ni, kafaɗarsa ta dama a karkace. Da zagina ya yi, da na fi samun barci.

Na uku. Tsohuwar taswirar ban ƙona ta ba. Tana cikin bututun kwali a saman kabad ɗina, tare da takardar da na rubuta na amsa abin da na yi. Auta ta kai su ofishin filaye, ta nemi a mayar da sunan layi. Za a yi magana a kaina, wataƙila har tsofaffin abokan aikina su ji. Ku bari a yi. Gara a yi ta a nan duniya.

Na huɗu. Babba, ɗakin zaure yana kallon titi, kuma ya fi shagonka faɗi. Ina roƙon ƙannenka su bar maka shi a cikin rabonka, ka fasa masa ƙofa ta waje. Za ka yi asarar wata biyu ko uku. Ka yafe mini, ni na zaunar da kai a kan abin da ba namu ba.

Na biyar. Gabar da ke tsakaninka da babban ɗan Kawu ta ƙare. Shekara biyu ba kwa gaisawa saboda ya goge maka babur da baro a lungun nan. Ba laifinsa, ba naka. Ni na matse ku a ƙafa shida, kuka yi karo. Kai za ka fara zuwa.

Na shida. Ban iya neman gafarar Kawunku da bakina ba. Sau biyu a watan nan ya zauna a gefen gadona, na buɗe baki sai na tambaye shi jikin matarsa. In Allah ya ba ni ƙarfin hali kafin lokaci ya yi, to. In bai ba ni ba, ku ukun ku je tare, ma'aikaciyar jinya ta karanta masa wannan daga farko har ƙarshe, kada ta tsallake ko layi ɗaya don ta rufa mini asiri.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya tsare ku daga cin haƙƙin wanda ba zai iya ɗaga muku murya ba. Ku riƙe juna, ku riƙe gidan baya, jininku ne. Kawunku zai ce muku a bar shagunan, abin ya wuce, kada a tayar da yaro daga sana'arsa. Na san ƙanena, kunya ce za ta sa shi faɗin haka. Ku gode masa, ku yi masa sallama da ladabi, washegari ku kira masu guduma.

Mahaifiyarku.