'Ya'yan Inna Sun Yi Yawa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kullum dai ina tsaye a rumbun kaya ina manna takarda a kwalayen mutanen da ban sani ba. Bayana yana ɗan taɓa ni, amma kar ki gaya wa kowa.

Na ga shagon da kika buɗe wa Inna a intanet. Ya yi kyau, ba ƙarya. Mutum ya zaɓi zanen gado, ya biya ta waya, mai babur ya kai masa har ƙofa. Ga hotonki a kan keken ɗinkin da ni na koya miki takawa, amma ba komai.

Abin da ya tsaya min a rai, na ga masu saye suna ta yabon saƙon murya. Ashe duk wadda ta saya, Inna da bakinta take mata godiya, har da "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ni kuwa in na kira, sai ki ce tana fama da oda, in bari sai an jima.

Shi ya sa jiya na sayi rigar filo biyu. Kar ki aiko, ko filon kirki ba ni da shi a ɗakin nan. Saƙon kawai nake jira. Ki ce mata kar ta yi sauri.

Allah ya ƙara kasuwa.

Yayarki