Zauren da Na Manta Ban Gina Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Inna, na fara gina gidanmu. Ba da laka ba, a cikin kwamfuta. Akwai manhajar da ake ƙera wasannin kwamfuta da ita, mutum ya gina wuri a ciki, duk wanda ya ɗaura wani gilashi a idonsa sai ya gan shi tsaye a wurin, yana jin muryar na kusa da shi. Na san me za ki ce: Zulai da ɗauko wa kanta aiki.

Tun da muka baro gida muka sauka sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro, kin san ba mu sake haɗuwa wuri ɗaya ba. Yaya Musa yana Kamaru, Asabe tana Legas, 'ya'yanta ba su san ko kalar ƙofarmu ba. So nake mu zauna tsakar gida ɗaya, ko da na ƙarya ne.

Farkon abin dariya ne. Idan ciniki ya lafa a shagon buga takardu da nake aiki a Jabi, sai in buɗe manhajar. Katangar farko da na ɗora, ratsa ta na yi kamar aljana, don ban gaya wa manhajar cewa katanga tana tare mutum ba. Ƙasa ma sai da ta zurma da ni. A hankali na kafa ɗakinki, da randa, da bishiyar lemun nan da kike hana mu tsinka ɗanye.

Na ari gilashi na kai wa Baffa Isa, don idan ya yarda kowa zai shigo. A manhajar akwai wani ɗigo da ake ajiyewa, inda mai shigowa zai fara bayyana. Ni kuwa don ɗoki na ajiye shi a tsakiyar tsakar gida, gaban ɗakinki.

Baffa ya fizge gilashin kamar ya taɓa wuta. "Ke 'yar nan, ɓarawo kika mayar da ni? In faɗo gidan yayana ta sama, ba sallama?" Ya ce shi ba zai ƙara ba. Na ji haushi sosai, amma gaskiyarsa ce. Ke ce kike cewa wanda ya shigo miki babu sallama ko ruwa ba zai sha ba.

Na koma na gina zaure. Na ɗauke ɗigon na kai shi waje, bakin ƙofa. Yanzu ina fama da yadda ƙofar ba za ta buɗe ba sai wani na ciki ya amsa. Ta ƙi ni har yau, amma wallahi sai na iya.

Jiya na gwada. Na tsaya a ƙofar na yi sallama, na kasa kunne ina jiran "Maraba, wa nake ji?" ɗinki. Shiru. Na yi kuka, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Baffa ya ce zai sake gwadawa ranar Juma'a, Yaya Musa ma zai nemi aron gilashi. Zan riga su shiga in zauna bakin ɗakinki. Idan suka yi sallama, ni zan amsa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa mala'iku su tare ki da sallama a ƙofar Aljanna.

Taki har kullum,
Zulai