Sabuwar Ta Fi Hauwa Sauri

Assalamu alaikum Malam,

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Gida lafiya. Inna ta koma Masama, an yi shuka. Kwamfutarka ce ba lafiya. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ƙwaƙwalwarta, waccan samfurin 286 da abokanka malamai suke yi wa dariya wai tana tafiya kamar tsohuwar jaka.

Ƙanenka Bello ya aro mana ta wurin aikinsa a Kalgo, samfurin 486. Ya ce ta ninka taka sauri nesa ba kusa ba, yana faɗa yana murna. Muka sa faifan darasin da ka tsara wa 'yarmu Hauwa bayan sanƙarau ya tafi da jinta. Ka tuna yadda yake? Harafi ya fito, ya tsaya, ta bi shi da yatsa, sannan wani ya zo. A ƙarshe ya rubuta mata sunanta da naka.

Malam, a sabuwar komai wucewa yake kafin ƙiftawar ido. Bello ya ce ka auna jiran ne da nawar tsohuwar, sabuwa kuwa ba ta san jira ba. Ya danna wani maɓalli na rage gudu, duk da haka Hauwa ba ta kama ko harafi ɗaya ba. Ya nemi irin taka har Sakkwato, an ce an daina kawo ta. Wa zai sayar da abu mai nawa?

Yarinyar nan ta ɗauka kai ne kake gudunta. Da hannu ta nuna mini haka. Ta daina zama gaban allon kwamfutar, ta daina rubutu a ƙasa, haruffan da ta sani suna zubewa ina kallo. Jiya ta kasa rubuta sunanta. Tsoro nake ji, Malam, tsoro ƙwarai.

Ban taɓa gaya maka ba, ni ma a bayanku nake tsayawa ina koyo, don taka ce kaɗai ta taɓa jirana. Abin da na tsinta bai kai in koyar da ita ba.

A ina ka sa jiran nan? Wane layi na tsarin darasin Bello zai taɓa? Me ya sa ba ka nuna wa kowa ba?

Allah ya haskaka kabarinka. Kai ma ka yi mana sauri.

Matarka, uwar Hauwa,
daga Gwandu