Inda Keken Baba Ya Tsaya

Daren Asabar, Dakoro

Yau muka kai Baba filin dagar da kakanshi ya kwanta dama, can gaba da Bader Goula. Tun kafin ƙafafunshi su mutu yake cewa sai ya ga wurin.

Mota ta aje mu bakin hanya. Daga nan rairayi ne har tudun da wani tsoho ɗan ƙauyen ya nuna mana. Ni da Yaya Sani muka tura Baba a keken guragunshi, tayoyi suka nutse. Muka ja da baya, a banza.

Yaya ya durƙusa. "Baba, bari in goya ka."

"A'a. Ba ni zuwa gaban mazaje a goye. Hadiza, je ki gano mini."

Na hau ni kaɗai. Karan gero ne da awaki, ko alamar kushewa babu. Na yi fatiha, na sauko na faɗa mishi.

Ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya faɗa mini sunan kakan, ya sa na yi ta maimaitawa har ya zauna mini. A nan na gane bai sa ran dawowa ba.