Matris ɗina ya mai da ni mai bugun ƙasa

Inna Basira, don Allah ki cece ni, lissafi na neman raba ni da wadda zan aura.

Ni ɗalibi ne a Yamai. Na zo hutu gida Dogon Dutsi ina rubuta memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, a kan ruwan sama na garuruwan da ke jere a bakin hanya. Malamina ya ce in gina matris a manhajar R, wato jadawalin lambobi: 2 ta gangaro ta tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa, -1 ta rako ta dama da hagu, sauran gidajen duk sifili, tunda kowane gari da maƙwabtansa biyu kawai ake haɗa shi. Layin tsakiya ya fito lafiya. Na gefen ne suka ƙi, da na danna sai ordinatar, wato kwamfuta, ta watso mini jan rubutu.

Da kaina ya ɗau zafi, na fita tsakar gida na zana abin a rairayi, na tsuguna ina ƙirga gidaje ina magana ni kaɗai. A haka gwaggona A'i, da ta zo daga Lugu, ta iske ni. Sai ta tuɓe takalmi, wai tun ina yaro ta san ni doguwar gidanmu, aljanar da muka gada, za ta zaɓa. Na yi mata bayani, ta ce duk haka suke musu da farko.

Kafin la'asar ta kawo mini wani makiyayi, Modibbo, da saniyarsa ta ɓace. Don ya ƙyale ni na ce ya duba wajen garin Kiéché. Inna, can ya same ta! Ya dawo da ƙwaryar nono da wasu mutane masu nasu ɓatan.

Ana cikin haka Anas, wan budurwata Marwa, ustazu mai shago a kasuwa, ya shigo. Ya dubi zanen, ya dubi nonon, ya ɗau hoto ya fita. Yanzu ya ce ba ya ba mai bugun ƙasa ƙanwarsa. Marwa ta daina ɗaukar wayata, matris ɗin kuma bai ginu ba. Ina zan sa kaina?

Mai Sifili, Dogon Dutsi

*

Ɗana Mai Sifili, na yi dariya, ka yafe mini.

Kada ka ga laifin Anas. Ya iske ka tsugune gaban zane a ƙasa, mutane na jiran layi. Ko ni ce zan tambaya. Zanen ba laifi ba ne, maganar saniyar ce ta jawo maka. Ka sami Modibbo ka faɗa masa cewa dace ne kawai, ka sallami sauran.

Na tambayi wata abokiyar aikina da ta karanci ƙididdiga. Ta ce idan n ne yawan garuruwan, ka rubuta:

m <- diag(2, n)
m[abs(row(m) - col(m)) == 1] <- -1

In ya fito, ka ɗauki ordinatar da dattijo guda ku tafi shagon Anas, ka bari shi ya danna da hannunsa. Shi ma ya yi gaggawar yanke hukunci, amma kada ka je da niyyar kunyata shi, surukinka ne gobe. Kada kuma ka dami Marwa da kira kafin nan.

Gwaggo A'i kuwa, so ne ya sa ta. Ka daina gardama da ita, ka share tsakar gidan, ka sayi takarda.

Allah ya ba ka sa'ar memuwar, ya sanya alheri tsakaninka da Marwa.

Inna Basira