Sunan Gari a Bakin Mai Zagi

Litinin, 4 ga Sha'aban 1446
'Yata Raghad ta yi cacar baki da yayanta Sa'ud, ta jefa masa wata magana da Turanci. Na ce ta fassara. Wai "tafi Halifas". A jami'a ta koyo: Turawa na jin nauyin cewa mutum ya tafi wuta, sai suka ɗauko sunan wani garinsu da farkonsa ya yi kama da kalmar, suka maye gurbinta. Zagi cikin ladabi ke nan. Mutanen garin fa, me suka yi? Abin ya ba ni ƙyama.

Laraba, 6 ga Sha'aban
Gobe gwaggon Turki, yaron da ke son Raghad, za ta zo ganin gida. Na wanke labule.

Alhamis, 7 ga Sha'aban
Ta zo. Gahawa kurɓi ɗaya, idonta na kan hoton Baba. "Asalinku ina?" Na ce nan unguwar Rusaifa, ni da uwata duk a Makka aka haife mu. Ta yi murmushi: "A'a, asali nake nufi."

Asabar, 9 ga Sha'aban
Shiru.

Lahadi, 10 ga Sha'aban
Maƙwabciyata Khadijatu ta kawo labari. Wai gwaggon Turki ta ce, "Mutanen kirki ne wallahi, amma Takarna ne." Ko murya ba ta ɗaga ba, in ji Khadijatu.

Takarna. Baba ya sha gaya mini Takrur ƙasa ce can yamma, mai sarakuna da malamai, da sunanta ake kiran duk alhazan da suka taho daga wajenmu, ƙasar Hausa. Yau ga shi an mai da ita abin da ake faɗa in ba a son a ce baƙar fata. Tun ina makaranta nake jinta, nake yi kamar ban ji ba. Har kaina nake jin ƙyama.

Raghad ba ta ci abinci ba. Turki ya kira sau biyar, ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 14 ga Sha'aban
Mun je sayen yadi. Shago cike da mata. Raghad ta tambaye ni kala da Larabci, na ba ta amsa da Hausa, da ƙarfi. Shekara ashirin ina hana yarana yinta a waje. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "To, Umma, shuɗin."

Baki ne kawai ya suɓuce, ina jin.