Matar Sufeto Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya mai gidanki mai tumbi? Ki yi haƙuri da ajamina, kin san iyakar allona.

Idon Baba na warkewa, amma har yanzu a ɗaure yake. Na bi umarninki, kullum ina karanta masa littattafan nan nasa na Sufeto mai kama masu kisa. Ki riƙe sirri: boko a bakina tafiyar hawainiya yake. Sai na gano an yi fim ɗinsu, ana nunawa a talabijin ɗin shagon aski. In kalla da safe, da yamma in buɗe littafi in zuba masa, ina juya shafi don ya ji ƙara. Jiya aka harbe matar Sufeto, har muryar kuka na yi. Ban iya ba?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ban yi dariya ba.

Masu fim ne suka kashe matar don 'yan kallo su yi kuka. A littafi tana nan har na ƙarshe, ita ke ma gano rabin ɓarayin. Kai ba ka yi wayo ba lokacin, amma Baba da marigayiya Mama tare suka karance su, shi shafi ita shafi.

Ya sa an kira ni a waya. Cewa ya yi, "Uwata, na san matar nan da rai, ga shi yaro ya karanta ta mutu. Ashe ba ido kaɗai ya tafi ba." Ya roƙi in nemo masa likitan ƙwaƙwalwa, kada kowa ya ji.

Ka san abin yi. Allah ya shirya.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa, kaina a ƙasa.

Na shiga ɗakinsa na durƙusa. Sai na ɗauko littafin na kama babin da gaske, baƙi-baƙi, gumi na ɗiga a takarda. Kafin in haɗa kalma ya faɗe ta. Da muka kai inda matar ta buɗe wa Sufeto ƙofa, ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

"Ba ni na ruɗe ba ke nan," in ji shi.

Na ce, "A'a, Baba."

Ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "Koma farkon littafin, ja'iri."

Ki fasa likitan. Ki huta lafiya.

Auta